Tiyatar gwiwa ta ƙaramar huda: matakan da za ka bi daga ganin likita har komawa aiki

Masu ciwon gwiwa sun dame ni da tambaya a kan tiyatar nan da ake yi ba tare da an farke gwiwa ba, wadda likitoci ke kira atroskofi. Wasu an rubuta musu ita, suna son sanin abin da za su tarar. Wasu kuma an riga an yi musu, suna kwance a gida ba su san ranar da za su taka ƙafa ko su yi sujada ba. Shi ya sa na jero matakan a nan, ɗaya bayan ɗaya.

Aikin kansa ga yadda yake: likitan ƙashi zai yi huda biyu ko uku a gaban gwiwa, kowacce ba ta wuce santimita ɗaya ba. Ta ɗaya ya zura siririyar kyamara da ke nuna cikin gaɓar a allo, ta sauran ya shigar da kayan aiki. Ƙanƙantar hudar nan ce ke ruɗin mutane. Fata takan haɗe cikin mako biyu, amma abin da aka yanke ko aka ɗinke a ciki yana iya ɗaukar watanni, kuma yawancin waɗanda suka sha wahala bayan aikin sun biye wa abin da idonsu ke gani a waje ne.

1. Fara tabbatar da cewa aikin zai amfane ka

Wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba kowane ciwon gwiwa ne wannan tiyata ke magani ba.

A cikin gwiwa akwai guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, ana kiran su meniskus. Aikinsu kamar na gammo ne tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Idan ɗaya ya yage saboda murɗewar ƙafa a filin ƙwallo, ko faɗuwa daga babur, ɓangaren da ya yage yakan maƙale a cikin gaɓar, gwiwa ta ƙi miƙewa gaba ɗaya. Irin wannan, aikin yana da amfani sosai. Haka idan akwai ɓarɓashin ƙashi ko guringuntsi da ke yawo a ciki yana sa gwiwar ta cije. Haka idan jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ake kira ACL, ta tsinke, ƙafa tana zamewa duk lokacin da mutum ya juya da sauri.

Amma in ciwonka na zaizayewar gaɓa ne, wanda mutanenmu ke cewa sanyin ƙashi, irin na manya da ke tashi da safe gwiwa a sandare, to a nan ka tsaya ka yi tunani. A shekarar 2002 an yi gwaji a Houston ta Amurka kan mutum 180 masu irin wannan ciwo: wasu aka yi musu aikin gaske, wasu aka tsaga fata kawai aka rufe ba tare da sun sani ba, kuma sauƙin da suka samu bai bambanta ba. A 2013 aka sake makamancinsa a Finland kan mutum 146 da meniskus ɗinsu ya yage saboda shekaru, sakamako ya zo iri ɗaya. Don haka wanda ya haura shekara 40, ciwonsa ya zo a hankali ba tare da buguwa ba, gwiwarsa kuma ba ta cijewa, abin da ya kamata ya fara yi shi ne rage ƙiba da motsa jiki a hannun ma'aikatan gashin ƙashi na wata uku ko fiye.

Gargaɗi: kada hoton MRI, wato hoton da ke nuna guringuntsi da jijiyoyin cikin gwiwa, shi kaɗai ya tura ka ɗakin tiyata. Dattawa da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauke su hoton za a ga yagewa a meniskus. Dole likita ya taɓa gwiwar da hannunsa, ya lanƙwasa ta, ya ji labarin yadda ciwon ya fara, ya kuma duba hoton ƙashi na eksire da aka ɗauka kana tsaye a kan ƙafafunka. Ka tambaye shi kai tsaye: "Likita, idan ban yi aikin nan ba, me zai faru?" Amsar da zai ba ka za ta nuna maka ko dole ne ko zaɓi.

2. Asibiti, likita da lissafin kuɗi

Ba kowane likitan ƙashi ne ke aiki da kyamara ba, ba kuma kowane asibiti ke da na'urar ba. Wurin fara bincike shi ne manyan asibitocin ƙashi na tarayya, kamar na Dala a Kano da na Igbobi a Legas da na Enugu, sai asibitocin koyarwa na jami'o'i da wasu masu zaman kansu. Ba rashin ladabi ba ne ka tambayi likita ko yana yawan yin irin wannan aikin.

Farashi yana canjawa da sauri, don haka ka nemi a rubuta maka shi a takarda, dalla-dalla: kuɗin hoton MRI, na gwajin jini, na ɗakin tiyata, na mai allurar barci, na gado in za ka kwana, na magunguna. Abin da ke sa lissafi ya yi tsalle shi ne kayan da ake bari a cikin gwiwa, wato kayan ɗinkin meniskus da kusoshin da ake kafe sabuwar jijiya da su idan za a dasa wata a madadin ACL da ta tsinke. Daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ka tambaya ko suna cikin lissafin, domin wani lokaci sai likita ya shiga ciki zai ga cewa ɗinki ya kamata, kuma ba ka so a fasa ɗinkin saboda ba a tanadi kaya ba. Idan kana cikin inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiha, ka je ofishinsu tun da wuri ka ji abin da za su ɗauka da abin da zai rage a wuyanka.

Kuskuren da na fi gani a nan: iyali su tattara duk abin da suke da shi su biya kuɗin aiki, ba su ware komai don gashin ƙashi ba. Ka sa kuɗin zuwa gashi da na mota zuwa can a cikin lissafinka tun farko, haɗe da sandunan dogarawa da takalmin gwiwa, wato abin da ake ɗaurawa ya riƙe gwiwar, in likita ya ce za a buƙata.

Masu fita Indiya ko Masar su sani cewa doguwar tafiya a jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Ka bar likitan ya tsayar da ranar dawowa, ka kuma san wanda zai ci gaba da duba ka a gida kafin ka tashi.

3. Mako biyu kafin ranar aiki

Za a yi maka gwajin jini, a auna hawan jini da suga, manya kuma a duba zuciyarsu. Ka faɗa musu rukunin jininka na sikila ko da ba su tambaya ba. A wannan aikin ana yawan ɗaure cinya da wata ɗamara mai iska don tsayar da jini, kuma mai sikila yana buƙatar shiri na daban.

Ka kwashi duk magungunan da kake sha a leda ka kai wa likita, har da na gargajiya da na Islamik kemis. Masu tsinka jini kamar warfarin da clopidogrel da asfirin, likita ne zai ce a tsaya ko a ci gaba, kada ka yanke hukunci da kanka. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe an fi so a dakatar da su mako biyu kafin aiki. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta faɗa, domin wasu daga ciki suna ƙara haɗarin gudan jini, haka wadda take zaton tana da juna biyu. Mai shan taba ko shisha ya ajiye, da makonni in zai yiwu, saboda hayaƙi na jinkirta warkewar rauni.

Gargaɗi: kada a yi maka tsaga, sakiya ko ƙaho a gwiwar a wannan lokacin, kada kuma ka aske gashin wurin da reza. Ƙurji ko rauni ɗaya a fatar gwiwa ya isa a ɗage aikin, domin ƙwayar cuta na iya bin hudar ta shiga cikin gaɓa.

Tun yanzu ka fara koyon matse tsokar cinya da tafiya da sanduna. Koyonsu ya fi sauƙi kafin ƙafa ta kumbura.

4. Shirya gida

Idan a katifa kake kwana a ƙasa, ka nemi gado ko ka ɗaga ta, don tashi daga ƙasa da ƙafa ɗaya azaba ce. Idan masan gidan na tsuguno ne, ka sayi kujerar bahaya ko a huda kujerar roba a ɗora a kai. Ka tanadi kujerar wanka, da kujerar salla, da kula ta ajiye ƙanƙara saboda ɗaukewar wuta. A kwashe tabarmi da wayoyin da sanda za ta iya harɗewa da su.

5. Ranar aiki

Ka'idar da aka saba ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, amma ka bi abin da asibitinka ya rubuta. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafin. Mutane kan ce "ai ɗan koko kawai na sha", a ƙarshe a soke aikin ranar. Mai ciwon suga ya tambayi yadda zai yi da maganinsa na safe.

Ka yi wanka da sabulu, kada ka shafa mai a ƙafar. Ka sa kaya masu walwala, ka zo da hotunanka duka, ka zo da babban mutum da zai mayar da kai gida. Kafin a shiga da kai likita zai sa alama da alƙalami a ƙafar da za a yi wa aiki. Ka duba da idonka cewa ita ce. Ka karanta takardar amincewa ko a karanta maka kafin ka sa hannu.

Kashe zafi iri biyu ne aka fi yi: allurar ƙashin baya da ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa kana farke, ko allurar barci gaba ɗaya. Za a cika gwiwar da ruwan gishiri don kyamara ta ga wuri sosai. Gyaran meniskus yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, dashen jijiya ya fi haka. Yawanci ana sallama a ranar, ko washegari. Wanda aka yi wa allurar baya ba zai tafi ba sai ƙafafunsa sun dawo ya kuma yi fitsari. Idan ka koma gida kai ya riƙa sarawa duk lokacin da ka tashi zaune, ya lafa in ka kwanta, ka sanar da asibiti, akwai abin da suke yi a kai.

6. Kafin ka bar asibiti, ka san abin da aka yi maka

Mutane da yawa suna komawa gida abin da suka sani kawai shi ne "an yi aiki, an dace". Wannan bai isa ba, domin dokokin jinya sun dogara ne kan abin da aka yi a ciki. Ka sa wanda ya raka ka ya tsaya ya saurara tare da kai, don maganin barci na sa mantuwa.

Idan an datse ɓangaren meniskus da ya yage ne aka fitar, za ka iya taka ƙafar tun ranar farko gwargwadon yadda za ka iya jurewa, sanduna kuma na 'yan kwanaki ne. Idan ɗinke shi aka yi, labari ya sha bamban: sanduna da takalmin gwiwa na mako 4 zuwa 6, sau da yawa a hana ka lanƙwasa gwiwa fiye da yadda take in kana zaune a kujera, tsuguno kuma sai bayan wata 3 zuwa 4 ko fiye. Meniskus ba shi da isasshen jini, shi ya sa yake jinkirin haɗewa. Idan jijiyar ACL aka dasa, jinyar ta watanni ce da tsari na musamman.

Don haka ka karɓi amsar waɗannan a rubuce: me aka yi, nauyi nawa zan ɗora a ƙafar, iya ina zan lanƙwasa ta, yaushe za a buɗe bandeji, yaushe za a cire zare, wace lamba zan kira in wani abu ya taso. Takardar nan za ka kai wa mai gashin ƙashi. Kada ka bi tsarin maƙwabcinka da aka yi wa aiki bara, mai yiwuwa nasa datsewa ne, naka ɗinki.

7. Kwana uku na farko

Kumburi dole ne, har da jin ruwa na motsi a cikin gwiwar. Ka kwanta ka ɗaga ƙafar sama da ƙirjinka. Filon ya kasance ƙarƙashin sharaɓa da dunduniya, gwiwa a miƙe. Sa filo a ƙarƙashin gwiwa kanta yana da daɗi, amma shi ke sa ta saba da lanƙwasa har ta ƙi miƙewa daga baya, kuma mai gwiwar da ba ta miƙewa sosai ɗingishi zai riƙa yi.

Ka ɗora ƙanƙara minti 15 zuwa 20, kowane awa biyu ko uku. Ledar ruwan sha da ta daskare ta wadatar, a naɗe ta a tawul, kada ta taɓa fata kai tsaye, kada kuma ta jiƙa bandeji.

Gargaɗi: 'yan dubiya za su kawo shawarar gasa wurin da ruwan zafi, ko shafa man zafi, ko kiran mai ɗori ya murza. Ka yi musu godiya, amma kada ka yarda. Zafi yana ƙara kumburi da zubar jini a cikin gaɓa a kwanakin nan, murza kuma na iya warware ɗinki. Kada a barbaɗa komai a kan hudar.

Ka sha maganin ciwo a kan lokaci, kada ka jira sai ciwon ya yi tsanani. Farasitamol ga babba kada ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya biyu-biyu ta miligiram 500 sau huɗu. Ibuprofen da diclofenac ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ne, kuma ba a haɗa su biyun. Idan an rubuta maka tiramadol, na 'yan kwanaki ne kawai, iya adadin da aka rubuta. Mun ga yadda ƙwayar nan ta lalata matasa a garuruwanmu, kada ka je kemis ka ƙaro da kanka.

Hudar ta zauna a bushe. A wajen wanka ka naɗe gwiwar da leda, kada ka jiƙa ta cikin ruwa har sai an cire zare, yawanci kwana 10 zuwa 14.

Ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi da ya kai digiri 38, gwiwa ta yi ja da zafi ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ruwa ko mugunya na fita daga hudar, sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, yatsun ƙafa sun yi sanyi ko sun canja launi. Kada ka ɗauka kowane zazzaɓi na cizon sauro ne ka sha magani ka kwanta. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kwatsam kuwa, alama ce ta gudan jini ya tafi huhu, sai sashen gaggawa nan take ko da tsakar dare ne.

8. Motsa jiki

Tsokar gaban cinya tana saurin mutuwa bayan an taɓa gwiwa. Cikin kwanaki kaɗan za ka ga cinyar ta fara ramewa, kuma in ba ta dawo ba gwiwar za ta ci gaba da ciwo ko da aikin ya yi kyau. Ana fara motsa jiki tun ranar farko ko ta biyu, a kan gado.

Na farko, ka riƙa ɗaga tafin ƙafa sama kana mayar da shi ƙasa daga idon sawu, sau da yawa a kowace awa da kake farke. Wannan shi ke tura jini ya hana shi daskarewa. Na biyu, ƙafa a miƙe, ka matse tsokar cinya kana danna bayan gwiwa a kan katifa, ka riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10, ka saki, sau goma. Na uku, kana kwance ka lanƙwasa lafiyayyar ƙafar, ka matse cinyar mai ciwon ka ɗaga ta a miƙe kamar taƙi ɗaya daga katifa, ka sauke a hankali. Na huɗu, ka ja dunduniya a kan zanin gado zuwa wajen mazaunai, iya inda likita ya yarda. Sau uku a yini ake so.

Daga nan mai gashin ƙashi zai ƙara maka keke na tsaye, da hawa mataki, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Gashi a asibiti sau ɗaya ko biyu a mako ba zai wadatar ba in ba ka yi naka a gida. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kumburi: in ka wayi gari gwiwa ta fi jiya kumbura, ka wuce gona da iri, ka rage na kwana ɗaya ko biyu, ka sa ƙanƙara, amma kada ka daina gaba ɗaya.

A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, mai ciwon ce ke fara sauka tare da sanduna. Kada ka jefar da sanda saboda kunyar idon mutane. Ranar ajiye ta ita ce ranar da za ka iya tafiya ba ɗingishi, likita kuma ya amince.

9. Salla, tuƙi da komawa aiki

Sujada da zaman tahiya suna lanƙwasa gwiwa har ƙarshe tare da nauyin jiki a kanta, kuma wannan shi ne abin da meniskus da aka ɗinke ya fi tsoro. Addini ya yi rangwame, wanda ba zai iya salla a tsaye ba ya yi a zaune. Ka yi sallarka a kujera da natsuwar zuciya har likita ya sake ka. Wanda aka datse wa yakan dawo sujada bayan 'yan makonni, ya fara da shimfiɗa mai laushi. Wanda aka ɗinke wa sai ya yi haƙurin watanni. Hukuncin masan tsuguno da zaman harɗe a tabarma da durƙuson gaisuwa duk ɗaya ne da wannan. Mata su lura da wanki da shara da girki a murhun ƙasa, a nemi mai taimako ko a ɗaga aikin zuwa tebur.

Tuƙin mota sai ka daina shan magani mai sa barci, ka ajiye sanduna, kuma kana iya taka birki da ƙarfi ba tare da jin tsoro ba. Bayan datsewa wannan yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, bayan ɗinki ko dashen jijiya mako shida ko fiye. Babur ya fi mota haɗari, domin ƙafa ce ke tare nauyinsa a kowace tsayawa. Ko a matsayin fasinja, adaidaita sahu ya fi acaɓa a makonnin farko.

Mai aikin ofis ko zaman shago yakan koma cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan datsewa, ya samu abin ɗora ƙafa. Manomi da birkila da ɗan dako su lissafa mako 4 zuwa 6 aƙalla, wanda aka yi wa ɗinki kuma wata uku ko fiye. Shi ya sa manomin da tiyatarsa ba ta gaggawa ba ce zai fi kyau ya nemi a sa masa rana bayan girbi.

'Yan ƙwallo su ne suka fi gaggawa. Bayan dashen ACL, mutum yakan ji garau a wata na uku ko na huɗu, alhali a lokacin sabuwar jijiyar ba ta gama kama jikinta ba. Komawa fili yakan kasance tsakanin wata 9 zuwa 12, kuma bayan an gwada ƙarfin cinyoyin biyu da tsalle a ƙafa ɗaya an ga sun kusa daidaita. Wanda ya koma kafin nan yana iya sake tsinka ta, aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya da tsada.

Ɗan kumburi bayan doguwar tafiya, da taurin fata ko rashin ji a kewayen hudar, suna iya kai wata biyu zuwa uku. Amma idan wata uku ya cika gwiwar tana ci gaba da cijewa, ko tana zamewa, ko ba ta miƙewa daidai da ɗayar, ka koma wurin likitan da ya yi aikin da takardunka da hotunanka ya sake duba ta.